Gidan Bin Jalmud da Tarihin da Ba a Koya Mana Ba

Duk wanda ya saba hawa metro a Doha ya san tashar Mushairib, don nan ne layuka uku, ja da kore da ruwan zinare, suke haɗuwa. Mu da ke Education City ta nan muke sauya jirgi in za mu Suk Wakif ko filin jirgin sama, mu wuce ta ƙarƙashin ƙasa ba mu ko leƙa sama ba. A saman tashar kuwa, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa, akwai tsofaffin gidaje huɗu da aka gyara aka mayar gidajen tarihi, aka buɗe su a watan Oktoba na 2015: Gidan Radwani, Gidan Muhammad bin Jasim, Gidan Kamfani da Gidan Bin Jalmud. Shiga kyauta ne. Irin aikin da ƙungiyar masana tarihin gari take yi a wasu ƙasashe, wato tattara labarin unguwa, karɓar 'yan makaranta, shirya lacca da bita, naɗar muryoyin tsofaffi, a ganina waɗannan gidaje ne kan gaba wajen yin sa a Doha. Tunda wannan mujalla ta tunawa ce, kuma an ce a rubuta wani abu na tarihi, na zaɓi in yi magana a kansu. Ni injiniya ne, tarihi ba fannina ba ne, saboda haka 'yan'uwa masu wannan fanni su yi mini uzuri in na taka musu gona.

Biyu daga cikin gidajen ba zan daɗe a kansu ba. Gidan Radwani gidan iyali ne da aka gina wajen shekarun 1920, yana nuna yadda ake zaune a Doha kafin kuɗin mai da kuma bayansa: ɗakin girki, rijiya, tsakar gida, zuwan lantarki. Gidan Muhammad bin Jasim, wanda ɗan Shehu Jasim, wanda ya kafa ƙasar, ya gina, labarin unguwar Mushairib kanta yake bayarwa, har da tarkacen da aka tsinta lokacin da ake rushe ta: allunan shaguna, makullai, kayan gida. A unguwar ne ake da titin da ake kira Shari'ul Kahraba, titin lantarki, don shi ya fara samun wuta.

Gidan Kamfani ya fi tsayar da ni. Nan ne ofishin kamfanin man fetur na farko a ƙasar. A 1935 Shehu Abdullah bin Jasim ya sa hannu a yarjejeniyar neman mai da kamfanin Turawan Ingila, aka samu man a Dukhan wajen ƙarshen 1939, Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin, sai a watan Disamba na 1949 jirgin farko ya ɗauki mai ya fita da shi. Waɗannan shekaru kowane littafi yana da su. Abin da gidan ya ƙara shi ne mutanen da suka yi aikin da hannunsu: leburori, direbobi, masu gadi, masu girki, waɗanda ake kwasa a bayan babbar mota a ratsa hamada da su zuwa Dukhan a gaɓar yamma. Akwai hotunansu da sunayensu da labarin da wasunsu suka bayar da bakinsu. A aikinmu na injiniya, in an gama gini akan manna allo da sunan wanda ya buɗe shi, wani lokaci da sunan kamfanin da ya zana. Wanda ya kwaɓa siminti ba ya shiga allo. To a nan an juya allon, kuma yaron da aka kawo daga makaranta yana iya cin karo da sunan kakansa a jikin bango.

Amma gidan da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na Bin Jalmud. Mai gidan ɗan kasuwa ne da ya yi fataucin bayi, kuma a wannan gida aka riƙa ajiye mutanen da za a sayar. Kalmar jalmud ma a Larabci dutse take nufi. Masu gyaran ba su sauya wa gidan suna ba, ba su kuma mayar da shi gidan nuna kayan ado ba. Sun mayar da shi gidan tarihin bauta, tun daga ta duniya baki ɗaya, zuwa ta Tekun Indiya, har a gangaro kan ta Katar kanta. An sha bayyana shi da cewa shi ne irinsa na farko a ƙasashen Larabawa.

Sai mutum ya san tattalin arzikin wurin kafin mai sannan zai gane me ya kawo bayi wannan busasshiyar ƙasa. Lu'ulu'u ne. Kafin mai, kusan duk abin da Katar take ci daga ƙarƙashin teku yake fitowa. Wani ma'aikacin gwamnatin Ingila a Indiya, J. G. Lorimer, ya tattara bayanan yankin Tekun Fasha a wani ƙaton kundi da ɓangarensa na ƙasa da alƙaluma ya fito a 1908. A ƙiyasinsa mutanen Katar duka kimanin 27,000 ne, suna da jiragen neman lu'ulu'u fiye da 800, da maza wajen 13,000 a cikinsu. Wato kusan duk wani namiji mai ƙarfi yana teku. A cikin waɗannan 27,000, kimanin 6,000 'yan asalin Afirka ne, wajen 4,000 daga cikinsu bayi. Ka ga kenan cikin kowane mutum biyar, fiye da ɗaya baƙar fata ne ɗan Afirka. Yawanci ta gaɓar gabashin Afirka aka kawo su, ta Zanzibar zuwa tashoshin Oman, daga baya kuma da Turawan Ingila suka matsa wa wannan hanya, sai fataucin ya karkata zuwa gaɓar Makran ta Balucistan.

Aikin kuwa na wahala ne ƙwarai. Babban lokacin nutso wata huɗu ne na tsananin zafi, daga wajen Yuni zuwa Satumba, irin zafin nan da mu yanzu ko daga ɗaki zuwa mota ba ma son takawa a cikinsa. Mai nutso zai matse hancinsa da wani ɗan maƙali, ya taka dutse mai igiya ya nutse ƙasan teku, ya tsinci kawa cikin kwando har numfashinsa ya kusa ƙarewa, sannan ya girgiza igiya abokin aikinsa na kan jirgi ya jawo shi. Haka za a yi ta yi tun safe har yamma. Idanu da kunnuwa su ke fara lalacewa. Ɗa ma da ke wannan aiki bashin mai jirgi ya ɗaure shi, balle bawa, wanda rabonsa na kakar ubangijinsa ke karɓa. Da lu'ulu'un da Japanawa suka koyi nomawa ya cika kasuwa a shekarun 1920, karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta biyo baya, sai sana'ar ta durƙushe, yunwa ta shigo, mutane da yawa suka bar ƙasar. A wannan lokaci bayi da dama a yankin suka riƙa gudu zuwa ofisoshin Turawan Ingila a Bahrain da Sharja da Maskat suna neman takardar 'yanci. Kowanne sai ya ba da labarinsa an rubuta: inda aka haife shi, yadda aka kama shi, hannu nawa ya bi. Waɗannan takardu suna nan, kuma tun 2014 ana iya karanta su kyauta a intanet a Qatar Digital Library, aikin haɗin gwiwa tsakanin Katar da babban ɗakin karatu na Ingila. Kundin Lorimer ma yana ciki.

Da mai ya zo, bautar ba ta tafi nan take ba. Iyayengiji suka riƙa tura bayinsu aikin kamfani, in an biya albashi su karɓe mafi yawansa. Sai a 1952, zamanin Shehu Ali bin Abdullah, aka soke bauta a Katar, aka biya masu bayi diyya. Masu bayin aka biya fa, ba bayin ba. Duk wannan yana cikin gidan, da Larabci da Turanci, da gajerun finafinai da aka shirya daga labarin mutanen da abin ya faru a kansu. Ɗakunan ƙarshe kuma sun gangaro zamaninmu, suna maganar safarar mutane da zaluntar ma'aikata, har da yadda ake cutar mutane da tsarin kafala.

Kada a ce na ga gini mai sanyi da fitilu na ruɗe. Ina da abin cewa. Harshen da gidan yake amfani da shi yana da taushi, yana yawan jaddada cewa bayin sun narke cikin al'umma sun zama 'yan ƙasa, wanda gaskiya ne amma ba ita kenan ba. Sannan ita kanta sabuwar Mushairib, mai faɗin hekta 31, da aka fara ginawa a 2010, a kan tsohuwar unguwa aka ɗora ta, wadda bayan iyalan Katar sun koma bayan gari ta zama matattarar ƙananan 'yan kasuwa da leburori daga Indiya da Pakistan da maƙwabtansu. An tashe su, an adana allunan shagunansu a gilashi. Waɗanda suka gina sabuwar unguwar ma baƙin ma'aikata ne, kuma sai a 2020 aka cire sharaɗin neman izinin mai gida kafin ma'aikaci ya sauya aiki. Duk wanda ya san 'yan'uwanmu masu aikin gadi da tuƙi da share-share a wannan gari ya san tsakanin doka a takarda da abin da ke ƙasa akwai tafiya. Duk da haka, ga abin da ba zan iya ƙwace musu ba: ƙasar da ake zargi da wannan laifi ta ɗauki gidan mai fataucin bayi a tsakiyar babban birninta, kusa da fadar sarki, ta rubuta abin da ya faru, tana kuma kawo 'ya'yanta suna gani. A ajin da aka kawo akwai jikan mai bawa, akwai jikan bawa, suna tsaye wuri ɗaya. Ga shi kuma tarihin Katar darasi ne na dole har a makarantun kuɗi na baƙi.

Wannan batu na karɓe albashin bawa shi ya mayar da hankalina gida, don mu muna da sunansa da Hausa. Murgu kenan: bawa ya fita ya yi sana'arsa ko ƙodagonsa, ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu a kai a kai, in Allah ya buɗa masa ya tara kuɗin fansar kai. Harshe ba ya ƙirƙirar kalma don abin da babu shi. Muna da murgu, muna da rinji, ƙauyen bayi masu noma gandun ubangijinsu, muna da bacucane, wanda aka haifa cikin bauta, muna da kuyanga da ƙwarƙwara da sa-ɗaka. Masana biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993 kan yadda bauta ta mutu a hankali a Arewacin Nijeriya, sun ƙiyasta cewa lokacin da Turawa suka zo akwai bayi tsakanin miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu da rabi a Daular Sakkwato. A 1901 Lugga ya yi shelar cewa duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Da aka ci Kano a 1903 aka rufe kasuwar bayi. Amma waɗanda ke hannu an bar su a hannu, sai dai su fanshi kansu ta kotun alƙali, don Turawan ba sa son gandaye su watse, haraji ya karye. Dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa sai a 1936 ta fito. Tsakaninmu da Katar shekara 16 ce kacal. Kakannin wasunmu an haife su kafin wannan doka.

To a cikinmu wa aka koya wa wannan a makaranta? Ni dai abin da na taso da shi bai wuce Bayajida da rijiyar Kusugu ba, sai Hausa Bakwai da Banza Bakwai, sai jihadin Shehu a 1804, sai haɗewar 1914, sai 'yancin kai a 1960. Sa'o'ina ma mu ne muka faɗa ramin: daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya saura cikin darasin zamantakewa. Wanda ya tafi ajin kimiyya a babbar sakandare kuwa, shi da tarihi sai dai a gaisa daga nesa. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Ibadan a 1955 ƙarƙashin jagorancin Kenneth Dike, ta yi shekaru tana kai gwauro tana kai mari a kan a dawo da darasin, kuma a watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi a Abuja. Madalla. Amma dawo da darasi daban, abin da za a zuba a cikinsa daban. In jerin sarakuna da shekarun mulkinsu za a sake ba yara su haddace, to an dawo da jarrabawa ne kawai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba kayan aiki muka rasa ba. Mun ma fi Katar kaya nesa ba kusa ba. Da yawanmu mun karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, aka yi fim ɗinsa a 1976. Littafin nan daga farko har ƙarshe labarin satar mutane ne da harin bayi da ratsa Sahara, da uwa mai neman ɗanta. Amma a aji an koyar da shi ne a matsayin adabi, a fitar da jigo da salo da taurari, ba wanda ya ce mana wannan abu ya faru a garuruwan da muke zaune.

Ga kuma Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama aka bautar a Barno, Bature Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya yi wa Heinrich Barth hidima a tafiye-tafiyensa, ya bi shi Ingila a 1855. A can ya ba wani ɗan mishan, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta, aka buga. Wato muna da labarin bawa daga bakinsa, da harshenmu, tun tsakiyar ƙarni na 19. Ya dawo gida, a ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki a makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, ya rasu a Kano a 1912. Gidan Ɗan Hausa yana nan, a hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano. Ɗaki ɗaya a wannan gida da sunan Dorugu, da taswirar tafiyarsa daga Damagaram zuwa Kukawa zuwa Tambutu zuwa Landan zuwa Nassarawa, da wani yana karanta labarinsa a lasifika, wallahi ya ishi yaro ɗan aji shida ya koma gida da tambayoyi.

Akwai Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ta rubuta rayuwarta, littafin ya fito a 1954. Danginta suna da rinji, kuma su kansu an taɓa sace musu mata sai da aka biya fansa. A gida ɗaya an mallaki bayi, an kuma ɗanɗana kamu. Akwai faya-fayen hirar da Yusufu Yunusa ya yi da tsofaffi a ƙasar Kano a 1975, ƙarƙashin wani aikin bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin da waɗanda suka ga gandayen sarki da idonsu suna raye. Daga irin waɗannan faya-faye Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi sukutum a kan Fanisau, ribaɗin nan na zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda gandaye suka kewaye. Fanisau fa ba wata uwa duniya ba ce, tana nan kusa da filin jirgin saman Malam Aminu Kano, inda yawancinmu muke sauka in mun je hutu. Ga Gidan Arewa a Kaduna, wanda Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna, cike da takardu. Duk wannan ilimi yana nan, amma yawancinsa da Turanci, a kantar jami'a, a mujallun da sai mai digiri na biyu ke buɗewa. Tsakaninsa da ɗan firamare na Ungogo babu gada.

Kuma tarihin ba baƙi ƙirin ba ne gaba ɗaya, wanda shi ma dalili ne na koyar da shi. A fadar Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, amma suna riƙe da gandaye da makamai da ƙofar ganin sarki, har hakimai na neman alfarma a wurinsu. Sarakuna da yawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne. Bawan gandu da ke noma a rinji da bawan fada mai doki da barori suna amsa suna ɗaya, rayuwarsu kuwa ko kusa. Yaron da aka nuna wa wannan zai fara gane cewa kalma ɗaya tana iya rufe abubuwa iri-iri, kuma wannan shi ne koyon tarihi. Har ila yau labarin namu ya taɓo wannan tsibiri na Larabawa da muke zaune a gefensa. Yarjejeniyar Jidda ta 1927 ta bar wa ofishin jakadancin Ingila ikon 'yanta bawan da ya gudo wurinsa, har zuwa 1936, kuma cikin waɗanda suka gudo akwai mutanen Afirka ta Yamma da suka taho aikin hajji ta ƙasa, ko aka taho da su suna yara, aka sayar da su a hanya ko a Hijaz. Saudiyya sai a 1962 ta soke bauta.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a zaman shayi ba sau ɗaya ba: wannan tonon silili ne, a bar kaza cikin gashinta, kada allura ta tono garma. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. A garuruwanmu an san gidan kowa, kuma in aka yi abin da ganganci za a iya kunyata mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Amma ai garmar a waje take. Wa bai taɓa jin an fasa aure ba saboda an bincika an ce yaron ko yarinyar ba su da asali? Wa bai taɓa jin an yi faɗa an jefi wani da kalmar bawa ko bacucane ba? Abin yana nan yana aiki a zaure da tsakar gida, a bakin gwaggo da kawu, wurin da babu malami, babu hujja, babu mai cewa ba haka aka yi ba. Wurin da aka hana shi shiga kawai shi ne aji. A Nijar ma abin ya wuce gori. Sai a 2003 aka mayar da bauta laifin da doka ke hukuntawa, kuma a 2008 kotun ECOWAS da ta zauna a Yamai ta samu gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ƙungiyar Timidria, da aka kafa a 1991, tana cikin waɗanda suka tsaya mata. Wannan a zamaninmu ne, a yankin Tawa, inda ake jin Hausa kamar Katsina.

Wani zai ce Katar kuɗi gare ta, mu kuwa Gidan Makama ma da ƙyar ake shafe shi. Gaskiya ne kuɗin gas ya yi aiki a Mushairib, na'urorin haska hoto da sanyaya ɗaki ba araha ba ne. Amma in ka cire fitilun ka duba abin da ke riƙe da ginin, kamar yadda aka koya mana mu duba kowane gini, ginshiƙai uku ne: an yi abin a ainihin wurin da ya faru, an bar mutanen da abin ya shafa sun yi magana da sunansu ko da muryarsu, an kuma ɗaura gidan da makarantu yadda zuwan yara ya zama tsari, ba sai ranar da wani malami ya ga dama ba. Ba ɗaya cikin ukun nan da ke buƙatar rijiyar gas. Gidan Makama, wanda ake danganta ginawarsa da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yana karɓar 'yan makaranta tun da daɗewa, ma'aikatansa suna ƙoƙari da ɗan abin da ke hannunsu. Abin da nake so in gani shi ne kusa da hotunan sarakuna da ƙofofin gari da kayan yaƙi a samu waɗanda suka yi noman da ya ciyar da masu dawakin.

Darasin Gidan Kamfani ma yana jiranmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya barke a shekarar da ta biyo, daga baya aka yi dalar gyaɗa da har yau muke alfahari da hotonta. Kowa ya san sunan Alhassan Ɗantata, kuma ya cancanta. Amma 'yan dakon da suka riƙa hawa da buhu a ka suna jera dalar nan fa? Da waɗanda aka kwasa aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu? Da ma'aikatan masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa, waɗanda da yawansu suna raye, suna zaune a ƙofar gida ba wanda ya taɓa tambayarsu komai? Waɗannan na ƙarshe su ne za a iya cimma yanzu, kuma kowace shekara raguwa suke yi.

Yusufu Yunusa da rakoda mai kaset ya yi aikinsa. Kowannenmu yana yawo da wayar da ta fi ta kyau sau ɗari, kuma kusan kowa yana zuwa gida ko sau ɗaya a shekara. Shawarata ga shugabannin wannan ƙungiya ita ce a buɗe ma'ajiya ɗaya a intanet, duk mai tafiya hutu ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya na awa guda, da izininsu, a faɗa musu inda muryar za ta je, wanda ba ya son a ambaci sunansa a sakaya. Ba sai an fara da tambayar wa ye bawa ba, wannan rashin ta ido ne, kuma ba za a amsa ba. A fara da wuri: me ya sa ake kiran wannan unguwa Rinji, gandun wa ye wancan, su wa suka haƙa wannan kududdufi, da me ake biyan lebura a masaƙa, wace waƙa ake yi in ana ɗaukar buhu. A rubuta rana da gari da sunan mai tambaya a kan kowane fayil, a ajiye kwafi biyu a wuri biyu, a kuma miƙa ɗaya ga sashen tarihi na jami'ar da ta fi kusa da garin, Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo ko Abdou Moumouni. Waɗanda ke Doha kuma, kafin a fara, a sa rana ɗaya a hau koren layi a sauka Mushairib a shiga Gidan Bin Jalmud tare, awa biyu ta isa a zagaye shi.